Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Dikko Raɗɗa: Wa Zai Riƙe Ginin Layin Minista Bayan An Yanke Ƙyalle?

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina,
Malam Dikko Umaru Raɗɗa,
Gidan Gwamnati, Katsina.



Ranka ya daɗe, ina roƙon Allah ya ƙara taimakonka a kan nauyin da ya ɗora maka. Na zaɓi in rubuto maka a fili maimakon in bi ta hannun wani na kusa da kai, domin ba kwangila nake nema ba, ba kuma ɗana nake so a ɗauka aiki ba. Maganar gini ce, gini kuwa na jama'a ne, ya kamata jama'a su ji abin da aka ce a kansa.

Mu mutanen kudancin jiha mun yi murna da aka ce Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Layin Minista za ta zauna, cikin ƙasar Malumfashi. Hankali ya ɗauki wannan shawara. Tun da aka kafa jami'ar a 2006 mazauninta yana can kan hanyar Dutsin-Ma, a bayan birnin Katsina, alhali masara da auduga da waken suya da dawar da jihar nan ke taƙama da su daga Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ƙafur, Malumfashi, Ɗandume, Sabuwa da Faskari suke fitowa. Wanda zai koyi noma a kai shi inda ake noma. Kai kanka karatun gona ka yi har ka kai matakin dakta, don haka ba sai na ja maka zance a nan ba.

Ranar buɗe gini kowa ya iya ta a ƙasar nan. A kafa rumfuna, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, maroƙa su cika fili, a miƙo almakashi a kan faranti. Damuwata tana kan damina ta bakwai ko ta takwas bayan wannan rana, lokacin da ɗan kwangila ya daɗe da karɓar cikon kuɗinsa, kwamishinan da ya sa hannu ya koma wata ma'aikata ko ya koma gida, kai kanka wataƙila ka gama wa'adinka, ginin kuma ya fara yoyo ta kusurwar gabas. Wa zai hau sama ya duba? Da kuɗin wa? Ina takardar da za ta nuna masa inda bututun ruwa ya bi, da irin rodin da aka ɗaura a dakin? Roƙona guda ne, duk sauran bayanin rassansa ne: a tanadi yadda za a riƙe ginin nan tun kafin ya fara tsufa, a rubuce, da kuɗinsa, da masu yinsa.

Mu fara da gida. Kwalejin Katsina ta soma aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya zo ya buɗe ta a 1922. Da jar ƙasa maginan Katsina suka gina ta, katanga mai kauri, rufi na azara. A cikin waɗannan ɗakuna Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa, Kashim Ibrahim, Aliyu Makaman Bida, Abubakar Imam da Isa Kaita. A 1938 makarantar ta tashi zuwa Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, a 1971 ta karɓi sunan Barewa. Makaranta ta tashi, gini bai tashi ba. Yau ya haura shekara 100 yana nan tsaye, an sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1959, daga baya kuma aka mai da shi gidan adana kayan tarihi.

Kada wani ya ce ƙasar Katsina ce ta fi siminti ƙarfi. Ginin ƙasa in aka yi masa sakaci damina uku ko huɗu sai a tarar da tudu. Abin da ya tsai da kwalejin shi ne ta samu masu ɗaukar nauyinta, ta kuma samu aikin yi bayan ɗalibai sun tafi. Hasumiyar Gobarau ma, wadda ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau da malantar Katsina ta dā, da ba a gyara ta a zamanin Sarki Dikko ba, aka kuma ci gaba da gyarawa bayansa, da yanzu sai dai a nuna wa yara fili a ce nan take.

Maginanmu na dā ba su raba gini da gyara ba. Suna da kalandarsu. Ruwa na ɗaukewa, an kai amfani gida, sai a bi soraye a duba inda ya tsage, a yi yaɓe, a shafa makuba, a sake lason rufi da katsi, kafin bazara ta ƙare a fatattake indararo. Akwai Sarkin Magina, akwai yaransa, kowa ya san wanda za a kira, ya san kuma wanda za a tuhuma in soron fada ya zubo. Da siminti ya zo sai muka ruɗe, muka ɗauka an gama da gyara har abada. Siminti ma yana tsufa. Bambancinsa da ƙasa kawai shi ne yana ɓoye ciwonsa, sai ya ci ya cinye sannan a gani, lokacin da gyaran ya fi ƙarfin aljihun makaranta.

Dubi Jami'ar Ahmadu Bello, uwar jami'o'in Arewa. Ranar 4 ga Oktoba 1962 da aka buɗe ta, ba a cikin sababbin gine-gine ta fara ba. Gādo ta ci. Tashar binciken noma ta Samaru tana nan tun 1922, gonar dabbobi ta Shika tun 1928, makarantar horar da akawuna ta Kongo tun ƙarshen shekarun 1940, sai Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya da aka gina a Samaru a shekarun 1950. Sardauna bai tsaya jiran a gama sabon mazauni ba, ya tattara abin da ke ƙasa ya ce ga jami'a. Daga baya aka yi ta ƙari, har da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da dogon benen majalisar jami'a. A tsakiyar shekarun 1970 ma, lokacin da kuɗin fetur ke ta ambaliya kowa yana rububin kankare, sai ga wani Ba'amurke masanin zayyana, Steven Ehrlich, ya haɗa kai da maginan Zariya suka yi wa sashen wasan kwaikwayo dandali na ƙasa, zagaye da ɗakuna irin na gidan Bahaushe. Ya yi arha, ya yi sanyi, ya kuma fitar da 'yan wasa da marubuta.

A jami'ar nan dai akwai ɗaya gefen labarin. Mazaunin dindindin na asibitin koyarwa a Shika tun shekarun 1970 aka fara shi, ba a tare ba sai 2005. Kusan shekara talatin ana ginawa ana tsayawa. Duk ginin da ya zauna haka, kafin a shiga ya riga ya fara neman gyara, kuɗin da aka yi lissafi da farko kuwa ya zama abin dariya.

To, Ranka ya daɗe, bari in dawo yankinmu, domin a nan maganar ta fi ciwo. Mutane da yawa suna zaton Layin Minista ne karon farko da ginin bincike da koyarwa ya sauka a kudancin Katsina. Ba haka ba ne. Wannan ƙasa ta sha ganin irinsa, ta kuma sha ganin tafiyarsa.

Tun a tsakiyar shekarun 1920 Turawa suka buɗe gonar irin auduga a Daudawa, ƙasar Faskari, inda ake gwada iri ana yawaita shi kafin a raba wa manoma. Kamfanin auduga na BCGA ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, har yau akwai unguwa a Funtuwa da ake kira da sunan kamfanin. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya wuce Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, ya bar tasha da gidajen ma'aikata da manyan rumbunan ajiya. Auduga ce ta mai da Funtuwa gari, kowa ya san wannan.

Sannan ga asibitin Malumfashi. Yaran yanzu ba su san cewa a dā yana cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ba, tare da na Zariya da na Kaduna. Ɗaliban likitanci sukan zo nan su zauna su koyi aiki a karkara. A shekarun 1970 an gudanar da babban bincike a Malumfashi kan cututtukan da suka zauna wa yankin, tare da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila, aka yi nazarin tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji, sunan Malumfashi ya shiga mujallun likitanci na duniya. Wato shekara hamsin da suka wuce akwai reshen jami'a a Malumfashi, da ɗakunan gwaje-gwaje da gidajen malamai da masaukin ɗalibai. Daga baya jami'a ta tattara ta koma Zariya, asibitin ya dawo hannun jiha.

A 1975 kuma aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Mu da muka yi aikin malamin gona mun san abin da ya bari: hedikwata, gidajen ma'aikata, garejin gyaran tarakta, cibiyoyin sayar da taki da iri a ƙauyuka, ƙananan madatsun ruwa, hanyoyin burji. Da shekarunsa suka cika aka shigar da shi cikin shirin jiha, bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 kuma ya zama gādon hukumar bunƙasa noma ta jiha, KTARDA. Farkon shekarun 2000 Jami'ar Ahmadu Bello ta sake dawowa yankin, ta buɗe makarantar share fagen shiga jami'a a Funtuwa.

Duba jerin nan da kyau, za ka ga abu guda yana maimaituwa. Kowane gini da kuɗin wani na nesa ya zo, Landan ko Washington ko Kaduna ko Zariya, kowanne kuma yana da mai kula muddin shirin da ya kawo shi yana raye. Ranar da shiri ya ƙare, mai mabuɗi ya tafi da mabuɗi, mai zayyana ya tafi da zayyana. Wasu gine-ginen ana amfani da su har yau, wasu sun sauya hannu, wasu sai wanda ya san wurin ne zai nuna maka gurbinsu. Ka tambayi dattijo a Daudawa ko a Malumfashi wane gini ne na farko, wa ya gina shi, yaushe aka sake rufinsa, zai ba ka abin da ya tuna, Allah ya saka masa. Amma ƙwaƙwalwar dattijo ba ma'ajiyar gwamnati ba ce, kuma dattawan nan kullum raguwa suke yi.

Ba yankinmu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Mahmud Yakubu ya zagaya jami'o'in gwamnati ya duba halin da suke ciki. Ya ƙirga ayyukan gini 701 da ba a kammala ba, 163 daga ciki an yi watsi da su ɗungurungum. Wannan fa bayan an kafa asusun harajin ilimi tun 1993, wanda aka sake wa fasali a 2011 ya zama TETFund. Ba na raina asusun nan. Shiga kowace jami'a ko kwaleji a Arewa ka cire gine-ginen da ke ɗauke da tambarinsa, ka ga abin da zai rage. Sai dai Abuja ta fi ba da kuɗin gini da na babban gyara. Kuɗin share magudana, sauya famfon da ya lalace, feshin gara, maye kwano ɗaya da iska ta ɗaga, wannan yana wuyan makaranta, makarantar jiha kuwa tana wuyanka.

A nan siyasa ke shigowa, kuma ka fi ni saninta. Sabon gini yana da allo mai ɗauke da suna, yana da hoto, yana shiga littafin ayyukan cika shekara. Share indararo ba shi da allo. Don haka sai a bar gini ya ruɓe shekara goma, sannan a ba da kwangilar kwaskwarima, a shafa fenti a kan katangar da ta sha ruwa, a sa sabon silin a ƙarƙashin tsohon kwano mai huji, a sake kafa rumfuna a sake yanke ƙyalle. Damina biyu fentin ya kumbura. Da za a tara abin da ake kashewa a irin wannan kwaskwarima, ya isa a riƙe ginin tun farko har a samu canji.

Na taɓa koyarwa na ɗan lokaci a wata kwaleji da ba zan ambaci sunanta ba. Ganyen darbejiya ne ya toshe magudanar rufin wani zauren lacca. Aikin yaro ɗaya ne da tsani da tsintsiya. Aka rubuta takarda, takarda ta hau ta sauka, aka ce babu wannan a kasafi. Ruwa ya kwanta a sama ya bi katako, katako ya ruɓe, jemagu suka samu ƙofa, kashinsu ya yi nauyi a kan silin, ranar wata laccar safe silin ya rufto. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Daga nan sai kuɗi ya fito, mai yawa kuwa, domin yanzu abin ya isa a kira shi kwangila.

Ƙasarmu ta kudu tana da halinta, duk wanda zai gina a nan ya kamata ya san shi. Ruwan da ake samu a Funtuwa yakan kai milimita 1,000 a shekara har ya wuce, ya fi na Katsina da Daura nesa ba kusa ba. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, da iska mai ɗage kwano, shi ya sa maginanmu ke ƙara wa katangar gabas kariya. A wurare da yawa ƙasar laka ce, ta kumbura da damina ta tsage da rani, ta ja harsashi ta fasa katanga in ba a yi haƙa mai zurfi ba. Ga gara, wadda ba ta jin kunyar katakon da ba a yi wa magani ba. Zayyanar da aka zana a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a Abuja, aka yi ta bugawa ana rabawa daga Sakkwato har Kalaba, ba ta san wannan ba. Za ka ga zaure mai gilasai ta yamma, babu inuwa, babu tagar da iska za ta ratsa, an dogara da wutar da ba ta zuwa. Ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu ɗalibi ba ya jin komai sai zufarsa.

Manomin Ƙafur ba ya gina rumbu ya juya baya. Duk shekara kafin ya zuba hatsi sai ya duba gindi ko gara ta hau, ya liƙe tsaga, ya sake jinka, domin ya san abin da ke ciki ya fi rumbun tsada. Abin da za a zuba a Layin Minista, na'urorin gwajin ƙasa da iri, littattafai, da 'ya'yan talakawa, ya fi ginin tsada.

Ga abin da nake roƙo. Na farko, kuma shi ne mafi arha, a buɗe wa kowane gini littafinsa. A rubuta ranar da aka aza harsashi, sunan kamfanin da ya gina, injiniyan da ya duba, kuɗin da aka kashe, irin kwano da katako da wayar wuta. A haɗa da zayyanar ginin yadda ya ƙare a ƙasa, domin kowa ya san abin da aka zana da abin da aka gina ba safai suke zama ɗaya ba. Duk gyaran da aka yi daga baya a shigar, ko da ƙwan fitila ne. Kwafi ɗaya a ofishin ayyuka na jami'a, ɗaya a Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, ɗaya a kwamfuta inda duk mai so zai gani. Kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ya miƙa wannan littafi. Wannan ba ya buƙatar dokar majalisa, umarninka kawai ya isa.

Sai kuɗi. Wani kwamitin masana a Amurka ya ba da shawara tun 1990 cewa a riƙa ware kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na kuɗin da za a kashe a sake gina gini, duk shekara, domin kula da shi. Na san aljihun Katsina ba na Amurka ba ne. A fara da kashi ɗaya. Amma ya zama layi ne mai zaman kansa a kasafin jami'a, da sunan Layin Minista a jikinsa, wanda ba za a karkatar da shi zuwa sayen mota ko kuɗin zaman kwamiti ba. A kuma sake shi a watan Fabrairu ko Maris, kafin hadari, domin kuɗin gyaran rufi da ya fito a watan Agusta sadaka ce ga ɗan kwangila. Akwai ma madogara: marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarni na 11 a 2022 game da kula da gine-ginen gwamnati. Na tarayya ne, amma babu abin da ya hana jiharsa ta haihuwa ta yi nata.

Kuɗi ba ya hawa tsani, sai mutum. Tsangayar da ke nesa da uwar jami'a, in aka ce sai an aiko kafinta daga Katsina, to, an gama da ita. A ɗauki magini, kafinta, mai gyaran famfo da mai gyaran wuta 'yan yankin, su zauna a wurin, a ba shugaban tsangaya ikon kashe ƙaramin kuɗi ba tare da takarda ta yi tafiyar kilomita ɗari da wani abu ta dawo ba. Malumfashi da Funtuwa cike suke da masu sana'a. Wanda ɗansa ke karatu a ƙarƙashin rufi ba zai yi masa aikin ha'inci ba. Ɗalibai ma a sa su ciki. Mai karatun gona da bai iya gyara shingen gona ko liƙe tankin ruwa ba, karatunsa da saura.

Tsangayar noma kuma ba zauren lacca ba ce kawai. Rabin gininta a gona yake: rumbun iri, garken dabbobi, ɗakin kaji, rijiyar burtsatse, wurin ajiye tarakta, shinge. Su ne aka fi mantawa da su a lissafi domin baƙi ba sa zuwa can ranar buki, su ne kuma ke fara lalacewa. Filin gonar ma a yi masa takarda, a kafa duwatsun iyaka tun yanzu. Makarantu nawa ne a Arewa gari ya cinye gonakinsu, aka wayi gari fulotai sun tsiro a inda ake gwajin iri?

Maganar tsaro ba sai na tuna maka ba, kai ke kwana da ita. Abin da ya faru a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, da aka kwashe yara sama da 300, ya sauya yadda iyaye ke kallon duk makarantar da ke bayan gari. Katanga, fitilun sola, ɗakin kwanan ɗalibai mata a tsakiyar harabar, masu gadi da ke da wurin zama, duk sun zama cikin gini yanzu. Katangar da ta faɗi da damina aka bar ta har rani, ƙofa ce. Wani zai ce da wannan hali da ake ciki, wa ke da lokacin littafin gini da share magudana? Ni kuwa gani nake jihar da tsaro ke cinye mata kuɗi ita ce ba ta da halin gina abu sau biyu.

Akwai wani roƙon da ya fi waɗannan girma kaɗan. Kafin a sake aza wani sabon harsashi a kudancin jiha, a tura ƙaramin ayari, masanin gini ɗaya, masanin tarihi ɗaya daga jami'armu, da wakilan Galadiman Katsina da Sarkin Maska, su bi tsofaffin gine-ginen noma da bincike na yankin ɗaya bayan ɗaya: Daudawa, gidajen gurza, cibiyoyin shirin Funtuwa, tsofaffin sassan asibitin Malumfashi. Su rubuta na wane ne yanzu, wane hali yake ciki, me zai iya zama. Su zauna da tsofaffin ma'aikata su ɗauki bayaninsu tun suna raye. Na tabbata za a samu waɗanda da ɗan gyara za su zama tashar gwaji ta ɗaliban Layin Minista ko masaukinsu lokacin aikin gona. Abin da Sardauna ya yi a Samaru ke nan.

In an zo gyaran kuma, a yi shi da ilimi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 da bakan gizon da masana gini na duniya ke zuwa kallo, a shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage nasa da sabon ginin kankare. Niyya mai kyau ce, amma abin da aka rasa an rasa shi. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna wata hanyar. A garin Yama, jihar Tawa, magini Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa tun 1962, ya yi ta ƙara masa yana gyarawa, har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji kuma, da tsohon masallaci ya yi wa gari kaɗan, ba su rushe shi ba. Sun gyara shi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa na inji, aka gama a 2018. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ma ta fi tamu talauci. Ban ce a gina ɗakin gwaje-gwaje da tubali ba, kowane abu da muhallinsa. Amma masaukin ɗalibai, rumbun iri, zauren taron manoma, me zai hana a gwada ƙasar Malumfashi a kansu, a bar sashen koyar da gini na Kwalejin Hassan Usman ya sa ido, ya rubuta abin da ya gani?

Ranka ya daɗe, idan duk wannan ya yi yawa a lokaci guda, a fara da guda biyu kafin hadarin bana ya taso. Ka umarci ma'aikatar da ke kula da manyan makarantu ta karɓo cikakkiyar zayyanar gine-ginen Layin Minista daga hannun waɗanda suka yi aikin, ta ajiye a inda na ambata. Sannan ka sa a aiko maka da sunan mutum ɗaya, da muƙaminsa, wanda aikinsa ne ya hau rufin nan duk watan Maris ya sauko ya rubuta abin da ya gani. Mu nan za mu riƙa tambaya ko ya hau.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a jiharmu.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin gona,
daga Bakori.